Langar da Muka Riƙa Mayarwa a Wanke

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani. Ni Isiyaku tela, na Gangare a nan Jos, na zauna rubuta wannan bayan rasuwar mahaifina da wata biyar. Ba gwanin rubutu ba ne ni, amma abin ya tsaya mini a wuya, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Duk mai tsoho a gida ya karanta. Wanda ya ga kansa a ciki ya ji haushi, to ya sani ni ma ban ƙyale kaina ba.

Mahaifina Malam Habu mai goro ne. Tun yana saurayi ya zo garin nan, lokacin da kuza ke kuza, yana kai wa leburori goro a barikokin haƙa. Ya haura sittin da biyar bai taɓa kwana a asibiti ba. Abincinsa kuwa sananne ne, ko makaho ya san shi: goro tun daga asuba, baƙin shayi mai kauri, tuwo da miya mai kitse, tsire da yamma da yaji kamar an yi masa gori. A garin da kabeji da karas da tumatir ke ruɓewa a kasuwa saboda yawa, har ana loda su a manyan motoci zuwa kudu, Baba bai taɓa yarda ganye ya wuce maƙogwaronsa da sunan abinci ba. In an sa masa sai ya ture kwanon ya ce shi ba akuya ba ne.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya ce "kai", ko "tela" in yana cikin raha. Innarmu ta rasu shekara uku kafin nan, matata Rabi ce ke dafa masa. Tsakanina da shi gaisuwa ce da kunya. Ku riƙe wannan kunyar, don ita ce za ta yi ta bin mu har maƙabarta.

Da farkon daminar bara na fara lura. Baba zai ɗauki buta ya zaga bayan gida, a tada salla, a yi raka'ar farko, bai fito ba. Mutumin da shekara talatin sahun gaba ya san shi, ya koma yana cika salla shi kaɗai a bakin ƙofar masallaci. Sai ya fara wanke wandunansa da kansa yana shanyawa a ɗaki. Rabi ce ta ce mini kwanon shansa yadda ta ajiye shi da safe haka take ɗauke shi da yamma. Ashe dabara ya yi wa kansa: tunda fitsari na ɗiga yana karya masa alwala, sai ya daina shan ruwa. Na gani, na ji, na yi shiru. Wai ɗa ba ya tambayar ubansa zancen bayan gida.

Wata Laraba da hantsi na dawo daga shago ɗaukar almakashi, na tarar da shi durƙushe a zaure, ya dafe bango, gumi na zuba a cikin sanyin Jos. Ƙasan cibiyarsa ya tasa kamar an kifa ƙwarya. Tun jiya da azahar, in ji shi, ko ɗigo bai fito ba. Na tare tasi muka yi asibiti.

Layin kati ya kai har waje, ruwa na yayyafi. Mai yankan katin yana cin gyaɗa yana hira, ko ɗaga kai ba ya yi. Na roƙe shi ya ce in bi layi, kowa ma ciwo ya kawo shi. Muna nan wani nas ya zo wucewa, baƙi gajere mai faɗin kafaɗa, ya dubi Baba sau ɗaya ya tsaya.

"Wannan baba ba na layi ba ne. Oga, ɗauko shi, bi ni."

Sunansa Pam, mutumin Jos Jarawa. Ban taɓa ganinsa ba, ba addininmu ɗaya ba, bai karɓi ko kwabona ba. Allah Ya saka masa da alheri, Ya raya masa zuri'a.

Aka kwantar da Baba aka sa masa robar fitsari. Ni aka ba tasar in riƙe. Ba zan yi muku ƙarya ba: da warin ya bugo ni, na ajiye tasar na fita na yi amai a gindin fulawar asibiti. Da na dawo Baba ya ja hularsa ya rufe fuska, bai buɗe ba har aka gama. Pam ya dafa shi ya ce, "Baba, ranan wanka ba a ɓoye cibiya." Tasa biyu aka cika.

Washegari likita ya zo, wani ɗan siririn Ba'indiye, Pam na yi mana tafinta. Ya zana hoto a bayan kati. Ya ce akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. Sunanta furostet, kalmar da ta zauna mini a ka har yau. A ƙuruciya girmanta bai wuce goro ba, in tsufa ya zo takan kumbura ta shaƙe hanyar. Ta Baba ta kai lemo. Baba da bai ce uffan ba tun jiya ya buɗe baki ya ce, "Goron fari ko ja?" Har likitan sai da ya yi dariya da aka fassara masa.

Aka ba mu ranar tiyata, mako takwas masu zuwa, don layin wuƙa ma layi ne. Amma da sharaɗi. Pam ya ja ni gefe ya faɗa mini da irin Hausarsa, ga shi yadda ya faɗa:

"Tela, ka ji ni da kyau. Abinci ba zai cire wannan abu ba, wuƙa ne zai cire. Amma abinci ne zai kai baba ranan wuƙa. In ciki ya ɗaure, kashi zai danne hanya, fitsari ya tsaya. In ya tsaya ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga, likita ba zai taɓa shi ba. Ya sha ruwa sosai da rana, yamma ya rage. Goro, baƙin shayi, yaji, kitse, a ajiye su. Ka ba shi ganye, wake, gwanda, tumatir, kifi. Matanka ya iya gwate?"

Rabi ba ta iya wannan faten na mutanen Jos ba, 'yar Kano ce. Ran Asabar sai ga matar Pam, Kaneng, ta yi sallama a gidanmu da ƙullin acca da yakuwa da gauta a kanta. Ta zauna a gindin murhu ta koya wa Rabi daga wankin accar har saukewa, ta sha ruwa ta tafi. Aiki ɗaya ke gabanmu ke nan: mu kai Baba ranar wuƙa da fitsari mai tsabta.

Mako na biyu muna gida, jakar fitsari a ɓoye ƙarƙashin babbar riga. Sai 'yan dubiya suka fara. Duk wanda ya tambaya me ke damun Malam, mu ce sanyi ne. To amma Gangare lungu ne a kan lungu, in ka yi tari a zaurenka sai a yi maka sannu daga gida na biyar. Kafin Juma'a labari ya zaga cewa ciwon Malam Habu na maza ne. Mutanenmu kuwa in suka ji an ce na maza, magani ɗaya suka sani: nama da yaji. Langa ta fara bin langa. Farfesun kayan ciki, ƙafar sa, balangu, dambun nama, kowanne kitse ya daskare a sama kafin a buɗe murfi. A duk Gangare babu wanda ya kawo ko gwanda guda ɗaya. Ai kai wa marar lafiya ganye raini ne, sai a ce ka yi rowa.

Uban tafiyar shi ne Baffa Sule, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon direban babbar mota ne, yana zaune a Gada Biyu, ya haura saba'in yana taka ƙasa kamar zai fasa ta. Yana da wani yaji da yake dakawa da hannunsa, da saiwoyi da jar kanwa da abin da shi kaɗai ya sani, ya ce shi ya riƙe shi shekara arba'in a kan hanya. Kullum bayan azahar wani direban tasi, tsohon yaron motarsa, zai tsaya a bakin lungunmu ya miƙo wata langa mai shuɗin fure. A ciki farfesun bindin sa, ja wur da yajin Baffa.

Kun san al'adarmu. Langar dubiya ba ta komawa da abinci a ciki. In ka mayar da ita cike, ka mari mai ita a gaban jama'a. Sai a cinye, a wanke, a sa ɗan tukuici a ciki, a aika da godiya. Balle langar wan uba. Na tsaya da ita a hannu a tsakar gida, na dubi Rabi ta dube ni.

"To a faɗa masa gaskiya mana," in ji ta.

"Ni in aika wa Baffa in ce abincinsa cuta ne? Ke kin san abin da kike faɗa?"

Sai na yi dabarar da a lokacin nake ganin ko alkali bai kai ni wayo ba. Muka shiga ɗaki muka cinye. Rabi ta wanke langar da toka har tana ƙyalli, na jefa goro biyu a ciki, na ce wa direban ya gaya wa Baffa Malam ya gode, ya ji daɗinsa ƙwarai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kuma kada in ɓoye muku, farfesun akwai daɗi. Kwana talatin ina lasar yatsa. Har wuyan rigata ya fara matse ni, abokan shago suna tsokanata wai jinya ta karɓe ni. Na yi ƙiba a jinyar ubana. Duk sanda na tuna wannan sai in ji kamar in tofar da yawu a kaina.

Shi kuwa Baba yaƙi muka sha da shi kan gwate. Ranar farko ya leƙa kwanon ya ce a kai wa tumaki. Rana ta biyu ya ce wannan abincin mutanen kan dutse ne, shi ba a haife shi da shi ba. Ƙamshin farfesu na shigo masa ta taga yana haɗiyar yawu yana harararmu. Rana ta uku yunwa ta yi mana aikin, ya sha rabi, ya ce gishiri bai ji ba. Daga nan sai faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale, kifi da romon tumatir, gwanda da hantsi. Rabi ta samo kwalabe uku tana cika masa da ruwa, sharaɗin su ƙare kafin la'asar. Goro ne ya fi ba shi wahala. Mutum ya yi shekara hamsin yana kwance huhun goro, yau a ce ya duba da ido. Mun daidaita a kan ɓari ɗaya da safe, ya riƙa juya shi a baki har azahar.

Kuma wallahi abin ya yi. Cikinsa ya saki, ya daina nishi a bayan gida. Mako na uku aka cire robar, fitsari na fita, a hankali dai, amma yana fita. Mako na huɗu ya yi wanka ya sa farar rigarsa ya tafi masallaci tun kafin kiran salla, ya tsaya a sahun gaba a wurinsa. Ina sahu na uku ina kallon ƙeyarsa, ban san abin da liman ya karanta ba. Da muka koma asibiti a duba shi, Pam ya ɗaga kwalbar fitsarin a hasken taga ya ce, "Ka gani? Kamar ruwan famfo. Saura sati huɗu, ku riƙe haka."

Mako na shida, ran Lahadi da la'asar, Baffa Sule ya zo da kansa, da abokansa dattawa uku. Ya tarar da Baba zaune a zaure yana yayyafa wa goro ruwa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Habu! Kai ne wannan? Ku duba fa, mutumin da aka ce sai an yanka!"

Na durƙusa na gaishe su. Baffa ya juyo kaina.

"Isiyaku, yaya yajin nawa? Yana ci kuwa?"

Ga dattawa uku sun zuba mini ido. Ga Baba ya sunkuyar da kai yana juya goro. Nan ne wurin da zan faɗi gaskiya, Allah Ya ba ni dama har gida. Sai na ji bakina yana cewa, "Baffa, ai ba ya barin ko romo. Shi ya tashe shi."

"Kun ji ko? To wuƙar me kuma? Wannan daga nesa ke nan, a langa. Ku ba ni shi kwana bakwai a hannuna, in bai tsallake kwata da gudu ba ku canza mini suna. Habu, tashi ka ɗauko rigunanka."

Na ce, "Baffa, likita ya ce..."

"Likita ya ce, yaji ya yi. Wanne ka gani da idonka? Kai da bakinka yanzu ka faɗa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na haƙa nawa na faɗa har wuya. Na ji Rabi ta ja tsaki a bayan labule. Na bi Baba ɗaki yana naɗe riga, na ce masa a hankali kada ya je. Bai dube ni ba. Ya ce, "Yaya ne. In ce masa me?" Shi ma kunyar ce, tasa ta girmi tawa, ta kai shekara sittin.

Rana ta uku na je Gada Biyu da langar gwate. Na same shi a kan tabarma a ɗakin baƙi, ga tsire a takarda, ga kilishi, ga butar shayi baƙi ƙirin, ga goro cike da faranti. Na duba ko'ina ban ga kwanon sha ba. Leɓensa ya tsage. Na tambayi Baffa ruwa fa, ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai yaro, rijiyar da ke ambaliya ruwa ake ƙara mata? Mutum na fama da fitsari ka ɗura masa ruwa? Sai na alwala. Shayi ya ishe shi." Ya ɗaga murfin langata ya leƙa. "Wannan kuma na wace akuyar ne?"

Na ce, "Baba, yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Wannan kalma, da sauƙi, Allah kaɗai Ya san mutum nawa ta binne. Na ga leɓen, na ga yadda yake zaune a karkace, na san ba sauƙi. Da na ɗauke shi a ranar, ko da za a zage ni daga Gada Biyu har Gangare, da wataƙila labarin ya sauya. Amma ina da ɗinkin biki a shago, kuma ina tsoron a ce ɗan Habu ya yi wa wan ubansa rashin kunya. Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na sa takalmina na fito.

Rana ta shida da hantsi direban tasin ya tsaya a ƙofar shagona, ba langa a hannunsa. Ya ce in zo.

Tun daga zaure warin ya tare ni. Baba na kwance yana rawar ɗari, jikinsa kamar garwashi, ido ya faɗa. Kwana shida bai yi bayan gida ba, kwana biyu ba fitsari, kuma bai gaya wa kowa ba sai da ya kasa tashi. Da su Baffa suka ga marar ta kumbura, sai suka dafa jar kanwa suka riƙa gasa masa da tsumma, har fatar ta saluɓe. Baffa na tsaye yana cewa ciwon ne ke fita, a ƙara kwana ɗaya. Na saɓi ubana a kafaɗa, ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu.

Pam na bakin aiki. Ya ɗaga rigar ya ga ƙunar, ya dube ni.

"Tela, me kun ba shi?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya girgiza kai kawai ya tafi ɗauko roba. Abin da ya fito a wannan karon ba fitsari ba ne, wani abu ne mai kauri kamar kunun kanwa, da jini da ruɓa. Wannan karon ban yi amai ba, na riƙe tasar har ƙarshe. Likita ya zo ya danna bayan Baba, Baba ya yi ƙara. Ya ce ruɓar ta hau sama ta kama ƙoda. Ya ɗauki katin ya ja layi a kan ranar tiyata a gabana.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Allurar da aka rubuta babu ita a asibitin, sai na bi kantunan magani a gari, na sayar da yadin da na ajiye don ɗinkin salla. Gadon da aka ba mu na kusa da bayan gida ne, famfonsa ya lalace, sai ka toshe hanci ka wuce. Wasu nas ɗin in ka kira su kamar ka kira dutse. Pam kuwa ko ya tashi aiki sai ya leƙo, ya juya Baba, ya gyara masa roba. Ƙafafun Baba suka kumbura, shaƙuwa ta kama shi ba tsayawa, ya riƙa kiran Innarmu.

Kuma ku ji abin takaici: langa ba ta daina zuwa ba. Mutum na kwance ko ruwa sai da cokali, ga langogi jere a ƙarƙashin gado, kitse ya daskare, ƙudaje na biki. Rana ta huɗu Baffa ya zo da mai shuɗin furen a hannunsa. Na tare shi a baranda na durƙusa, na ce, "Baffa, ka yafe ni. Farfesun nan na wata guda, Baba bai taɓa sa shi a baki ba. Ni da Rabi muke cinyewa. Gwate da ruwa ne suka tashe shi."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Au, yanzu kuma ƙarya za ka yi mini don ka wanke asibiti? A gaban mutum uku ka ce yaji ne. Langa talatin ta dawo mini a wanke. Wanne zan kama, na jiya ko na yau? Da ka bar mini shi ya cika bakwai ɗinsa da yanzu yana kasuwa."

Na daɗe da ƙaryar har ta yi jijiya, gaskiyar ce ta koma baƙuwa. Na miƙa masa langarsa cike yadda ya kawo ta. Ita ce ta farko da na taɓa mayarwa haka, kuma ta makara da mako shida.

Ana jibi zai rasu, da azahar, hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci. Ya nemi ruwa na ba shi da cokali. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Isiyaku." Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya ce, "Da mun gaya wa Yaya." Bai ce da ka gaya ba. Ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi ya tafi da shi. Ya cika ran Talata da safe, saura kwana biyu ranar da aka rubuta masa wuƙa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma a zaman makoki ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin Baffa yana ba kowane ayari labari: yadda yajinsa ya tada Habu har ya koma sahun gaba, yadda yaran zamani suka ɗauke shi ana saura kwana ɗaya suka kai shi inda aka zura masa roba. Mutane na kaɗa kai suna cewa asibiti sai a hankali. Har na ga dattawa biyu sun matsa kusa da shi suna tambaya ko akwai ragowar yajin. A makokin mutumin! Na tashi na shiga cikin gida don kada in yi abin da za a daɗe ana faɗa.

To ga abin da nake so ku ɗauka. In tsohonku ya fara daɗewa da buta, ya fara wanke wandonsa da kansa, kada ku jira ya faɗa, ba zai faɗa ba. Ku tambaye shi ko zai zage ku, ku kai shi a duba. Kada ku bari ya daina shan ruwa don tsare alwala, malamai sun san hukuncin mai lalura, a tambaye su. Ganye ba raini ba ne, kuma ba ya cire ciwon, amma yana riƙe mutum har a kai ga magani. Ku masu dubiya kuma, don girman Allah ku tambayi abin da aka ce marar lafiya ya ci kafin ku ɗora tukunya. In an kawo muku abin da zai cuce shi, ku mayar a ranar farko, ku faɗi dalili da baki mai daɗi. Fushin kwana uku ne, ba a binne kowa saboda shi.

Watan jiya na je ɗaurin aure Gada Biyu. Aka tada sallar azahar, na waiga ban ga Baffa Sule ba. Sai a raka'a ta uku ya fito daga bayan gida da buta, yana tafiya a karkace, ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan an watse na same shi shi kaɗai, na faɗa masa kai tsaye abin da na gani da abin da nake tsoro, na ce in kai shi wurin Pam. Ya ce sanyi ne, in kama gabana.

Duk haushin da nake ji, wan ubana ne, shi kaɗai ya rage mini a wannan ɗakin. Na sa Rabi ta dama gwate mai kyau, da yakuwa da gauta da kifi, ta yanka gwanda a gefe, na ba direban tasin ya kai. Da la'asar ya dawo ya miƙo mini langar. An wanke ta da toka tana ƙyalli, ga goro biyu a ciki.

"Baffa ya ce a gaya maka ya gode, ya ji daɗinsa ƙwarai. Bai bar ko ɗigo ba."

Rabi ta karɓa ta juya ta, ta dube ni. Mun san wannan wankin, a gidanmu aka yi irinsa kwana talatin.